Mutuwar Bauta a Ƙasar Haɗejiya da Matsin Lambar Ƙasashen Duniya

Gwamnatin Ingila ta kafa hujjar mamaye ƙasashen Daular Usmaniyya a kan cewa za ta hana kamun bayi da cinikinsu, amma sai da ta shafe shekara 36 tana mulkin Arewacin Nijeriya kafin ta yi dokar da ta ce babu sauran bawa a ƙasar, kuma ko a lokacin ba don raɗin kanta ta yi ba, tambayoyin da aka riƙa jefa mata a birnin Janeba ne suka tilasta ta. Masarautar Haɗejiya, wadda ita ce ta ƙarshe cikin manyan masarautun da Turawa suka ci da yaƙi, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, domin a cikinta an ga bauta a matsayin ganimar yaƙi, an gan ta a matsayin ginshiƙin sarauta, an kuma ga yadda ta yi ta lalacewa sannu a hankali a ƙarƙashin dokokin da aka tsara musamman don kada ta rushe lokaci guda.

Kafin jihadi, ƙasar da kogin Haɗejiya yake malalewa a cikinta ya bar fadamu masu shinkafa da kifi da makiyaya ta kasu ne tsakanin ƙananan sarautu irin su Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi, Dawa da ita kanta Haɗejiya, waɗanda suke biyayya ga Barno ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru. Fulanin da suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka haɗe su wuri guda, Malam Sambo ya zauna a Haɗejiya tun wajen 1808 har zuwa 1845, sabuwar masarautar kuwa ta zama bakin iyaka, tana fuskantar Barno da Bade a gabas, Gumel da Damagaram a arewa. A irin wannan ƙasa mai faɗi da ƙarancin mutane, arzikin basarake bai rataya ga yawan gonarsa ba, ya rataya ne ga yawan hannayen da za su nome ta, shi ya sa bawa ya zama dukiya, ya zama kuɗin biyan bashi da gaisuwar manya, ya kuma zama soja. Bayin ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai bayin gandu da ke zaune a rinji, wato ƙauyen da ubangiji ya kafa don bayinsa su yi masa noma, inda kowane bawa yake da gayauna, ɗan filin da yake nomawa don kansa bayan an tashi daga aikin gandu. Akwai cucanawa, 'ya'yan da bayi suka haifa a gidan ubangiji, waɗanda al'ada ta ɗauki sayar da su abin kunya. Akwai kuyangi masu aikin cikin gida, da ƙwaraƙwarai ko sa-ɗaka, matan da ubangiji yake sa wa a ɗaki ba tare da ɗaurin aure ba, waɗanda 'ya'yansu 'ya'ya ne masu gado kamar na matan aure. Sannan akwai bayin sarki, waɗanda wasunsu suka fi talakan da aka haifa ɗa ƙarfi da wadata nesa ba kusa ba.

Zamanin Sarki Buhari ɗan Sambo ne ya fi nuna yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa. Buhari ya hau gado a 1848, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuwa ya dawo ya ƙwace garin a 1851, ya kuma fatattaki rundunar haɗin gwiwar Kano da masarautun gabas a Kaffur a 1853, daga nan ya yi mulki ba tare da bin Sakkwato ba har ya rasu a yaƙin Gogaram na ƙasar Bade a 1863. Hare-harensa sun faɗa wa ƙasashen Kano da Katagum da sauran maƙwabta, waɗanda mutanensu Musulmi ne, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta Gumel a 1851 ya sake biyowa ta yankin a ƙarshen 1854, ya ambaci ɓarnar da waɗannan yaƙe-yaƙe suka yi wa garuruwa. Tun da yake dangin sarauta ba abin amincewa ba ne ga wanda ya kashe ɗan'uwansa Ahmadu ya hau gado, Buhari ya jingina ga manyan bayinsa, har ya zama Sarkin Arewa Tatagana da Sarkin Yaƙi Jaji ne suka tsaya aka naɗa ɗansa Umaru bayan rasuwarsa. Mutumin da shari'a take ɗaukarsa dukiyar wani shi ne yake zaɓen wanda zai mallake shi, kuma duk wanda bai riƙe wannan a zuciya ba ba zai fahimci dalilin da ya sa wasu bayi suka yi yaƙi suka mutu don kare tsarin da ya bautar da su ba.

Ba Turawa ne suka fara tayar da muhawara a kan bauta a ƙasar Hausa ba. Tun a 1615 malamin Tumbuktu Ahmad Baba ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba, kuma bautar da Musulmi na cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su. Sai dai wannan muhawara tana tambayar wane ne ya halatta a bautar, ba ta tambayar halaccin bautar kanta, kuma aikin Buhari ya nuna cewa ko wannan iyakar ma ba ta tsayawa idan sarki yana bukatar dawakai da bindigogi.

Matsin lamba na waje ya fara ne daga bakin teku da bakin hamada. Ingila ta matsa wa Daular Turkiyya har ta hana cinikin bayin Afirka a 1857, abin da ya rage kasuwar Tarabulus ko da yake bai kashe ta ba, sannan taron Balin na 1884 zuwa 1885 da yarjejeniyar Burasel ta 1890 suka ɗora wa ƙasashen Turai masu rabon Afirka alhakin hana cinikin bayi a yankunan da suka kama. Yarjejeniyar ta yi magana a kan ciniki da kamu, ta yi shiru game da bayin da suka riga suka shiga hannu, kuma ta wannan ƙofa Gwamna Lugga ya bi. Shelarsa ta 1901 ta haramta saye da sayar da mutum, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ta kuma soke abin da aka kira matsayin bauta a idon doka, ma'ana kotun Bature ba za ta amince wani mutum dukiyar wani ba ne. Amma mallakar bawa ba ta zama laifi ba, kuma kotunan alƙalai, inda kusan dukan shari'un talakawa suke zuwa, an bar su suna hukunci da fiƙihun Malikiyya wanda ya san bawa ya san ubangiji. Ta haka gwamna yana iya shaida wa majalisar dokokin Landan cewa an soke bauta, ya kuma tabbatar wa sarakuna cewa ba za a taɓa musu bayi ba, ba tare da ya yi wa kowannensu ƙarya tsagwaronta ba.

Lokacin da aka yi wannan shela Haɗejiya ba ta ma san da ita ba. Bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya amince da Turawa da baki, amma zaman bai yi daɗi ba, musamman bayan sun kafa bariki a bayan gari a ƙarƙashin Kyaftin Phillips, wanda mutanen Haɗejiya suka laƙaba wa suna Maitumbi. Tawayen Satiru na farkon 1906, wanda talakawa da bayin da suka gudo suka cika sahunsa, ya sa Lugga ya ƙudura kawar da duk wata barazana, sai ya tura runduna a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Ranar 25 ga Afrilu 1906 aka gwabza a cikin ganuwar Haɗejiya, lungu-lungu har zuwa ƙofar fada, mahaya da takubba da masu suna fuskantar bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya rasu tare da 'ya'yansa da sarakunansa da dama, abin da ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Turawa suka naɗa Haruna, kuma daga ranar yaran da aka haifa a rumadan Haɗejiya shekara biyar da suka wuce suka zama 'ya'ya bisa dokar gwamnatin da ba ta da iko da garin a lokacin haihuwarsu, a ƙasar da ba a rubuta ranar haihuwa, inda alƙali zai dubi tsawon yaro ya saurari shaidun da ke ƙirga shekaru da damina ko da zuwan Nasara.

Abin da ya fi tsorata Turawa shi ne gudun bayi. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta cewa bayin Daular Usmaniyya a ƙarshen ƙarni na 19 sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5, kuma aƙalla 200,000 sun tsere a shekarun farko na mamaya, wasu suka koma garuruwan da aka kamo su, wasu suka bi sojoji, wasu suka shiga daji suka sari gona. Gwamnatin da ke son haraji da zaman lafiyar sarakunan da take mulki ta hannunsu ba za ta jure wannan ba, saboda haka aka umarci razdanoni su hana gudun ba tare da sun ce suna mayar da bayi ba. Bawan da ya tsere ba a ba shi gona a garin da ya sauka, ana iya kama shi a matsayin mai yawon banza, idan kuma ya tafi da rigar da ubangijinsa ya ba shi ana iya tuhumarsa da sata.

Hanyar da aka bar masa a buɗe ita ce ta kuɗi. Tun kafin Turawa akwai murgu, wato yarjejeniyar da ubangiji yake sakin bawa ya je ya yi sana'arsa, shi kuwa ya riƙa kawo wani abu sananne duk mako ko duk shekara, akwai kuma fansar kai, inda bawa yake biyan farashinsa ya sami 'yanci. Duka biyun a da alfarma ce da ubangiji yake yi in ya ga dama. Turawa suka mayar da fansa haƙƙi, suka ce ubangiji ba shi da ikon ƙi. Bawa zai zo gaban alƙali ya durƙusa ya ce yana neman fansar kansa, a kira ubangiji, a yi ciniki a kan kimarsa, da farko da kuɗin wuri ana ƙirgawa da keso, wato buhun wuri 20,000, daga baya da sulallan Ingila. Idan an daidaita, malamin kotu ya rubuta a littafi, a ba bawan lokaci ya je ya yi su a kogi, ko dako, ko ƙodago a gonar wani, ya riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, ran da ya cika a ba shi takardar 'yanci mai hatimin alƙali. A ƙiyasin Lovejoy da Hogendorn, mutum fiye da 100,000 ne suka sami 'yanci ta kotuna a Arewa zuwa ƙarshen shekarun 1920. Lokacin da Ingila ta soke bauta a 1833, baitulmalin gwamnati ne ya biya iyayengiji diyyar fam miliyan 20. A Arewacin Nijeriya kuwa bayin ne suka biya diyyar da guminsu, suna kuma biyan harajin gwamnati a kai.

Mata ne wannan tsari ya fi cuta, kuma nan ne rahotannin da ake aikawa Landan suka fi yaudarar mai karatu. Turawa sun ɗauki sa-ɗaka a matsayin wani nau'i na aure, suka ce ba hurumin dokar bauta ba ne, don haka ƙwarƙwarar da ta gudu ana duban maganarta kamar ta matar da ta yi yaji. Bayan haka doka ta yarda wani mutum dabam ya fanshi baiwa, kuma yawancin shari'un fansa da suka shafi mata irin wannan ne: namiji ya biya ubangiji kuɗi a gaban alƙali, a rubuta cewa an 'yanta wance, shi kuwa ya tafi da ita gidansa a matsayin mata ko sa-ɗaka. A littafin kotu an sami ƙarin mutum ɗaya cikin 'yantattu, a zahiri kuwa mace ta tashi daga hannun wani ta koma hannun wani an biya kuɗi, wanda shi ne ainihin abin da shelar 1901 ta ce ta haramta. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake kuma ana kai su gidan 'yantattun bayi na Zungeru, daga bisani aka miƙa su ga gidan 'yan mishan na Rumasha a bakin Binuwai a 1909, ko a raba su ga gidajen manya a matsayin riƙo, inda aikinsu bai bambanta da na kuyanga ba.

Abin da ya sassauta igiyar a ƙasar Haɗejiya ya zo ne ta kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, layin da aka ja daga Kano ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930, sai ga kuɗi a hannun wanda yake da ƙarfin noma ko ɗaukar buhu, cin rani kuma ya ba mutum damar ɓacewa watanni ya dawo da abin fansa, ko ya ƙi dawowa sam. Amma kasuwar ba ta da tausayi a shekarar fari: a yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 iyaye sun jinginar da 'ya'yansu don hatsi, kuma har cikin shekarun 1930 ana fasa-ƙwaurin yara daga duwatsun Mandara da ƙasar Adamawa ana ratsa Barno da su zuwa arewa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kafa Majalisar Ƙawancen Al'ummai a Janeba, wadda ita ce magabaciyar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ƙungiyar yaƙi da bauta ta Landan, wadda aka kafa tun 1839, ta mayar da ita dandalin neman bayani daga gwamnatoci. A 1924 aka naɗa kwamitin wucin gadi kan bauta, Lugga da kansa yana cikinsa, aikinsa kuma ya haifi yarjejeniyar 25 ga Satumba 1926, wadda ta bayyana bauta da cewa halin mutumin da ake gudanar da ikon mallaka a kansa ne, ko duka ko wani sashe, ta kuma wajabta wa ƙasashe kawar da ita, amma a hankali kuma gwargwadon iko, lafazin da ya yi wa masu mulkin mallaka daidai. Abin kunya ya fara fitowa daga Saliyo, inda babbar kotu ta yanke hukunci a 1927 cewa ubangiji yana da ikon kamo bawansa da ya gudu, hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka soke bauta a can daga 1 ga Janairu 1928. Sannan aka kafa kwamitin ƙwararru na dindindin a 1934, wakilin Ingila a cikinsa, George Maxwell, wanda ya yi aikin mulki a Malaya, ya dage sai kowace gwamnati ta faɗi yawan bayin da suka rage a ƙasarta da abin da dokarta ta ce a kansu. A daidai lokacin Italiya ta afka wa Habasha a 1935 tana fakewa da cewa akwai bauta a can, kuma Ingila ba ta da bakin magana muddin dokar Arewacin Nijeriya da take mulka ta yarda mutum ya mallaki mutum. A 1936, zamanin Gwamna Bourdillon, aka yi dokar da ta ce duk wanda aka haifa a Arewacin Nijeriya ko aka shigo da shi ɗa ne. Mafi ƙarancin shekaru cikin waɗanda dokar ta 'yanta yana da 35, domin na bayansu shelar 1901 ta riga ta fitar da su, wato gwamnati ta jira har mutuwa da fansa suka yi mata yawancin aikin. Shekara shida bayan haka, daga 1942 zuwa 1944, ita wannan gwamnati ta riƙa ɗibar dubban talakawa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka sani da ɗiban gwamna, alhali ta sa hannu a yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930.

Ƙasar Japan, wadda ba a mulke ta ba amma take neman Turawa su ɗauke ta tsara, ta bi irin wannan hanya. A 1872 wani jirgin ruwan Peru mai suna María Luz ya tsaya a Yokohama ɗauke da 'yan ƙodagon Sin fiye da 200 da ake tsare da su kamar bayi, hukumomin Japan suka sake su, sai lauyan matuƙin jirgin ya tunatar da kotu cewa a Japan ma ana sayar da 'yan mata ga gidajen karuwai da sunan kwantiragi. Kafin shekarar ta fita gwamnati ta yi shelar 'yanta su, gidajen kuwa suka ci gaba da aiki da sabon suna. Shekara guda kafin wannan, a 1871, an soke matsayin ƙasƙantattun da suka gaji jima da fawa da ɗaukar gawa, waɗanda zuriyarsu ake kira Burakumin, amma sai da suka kafa ƙungiyarsu ta Suiheisha a Kyoto a 1922, aka yi dokar raya unguwanninsu a 1969, aka bankaɗo a 1975 cewa kamfanoni suna sayen littafin sunayen unguwannin don tace masu neman aiki, kafin a yi dokar 2016 da ta amince cewa wariyar tana nan. Bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu shi ne zuriyar ƙasƙantattun Japan sun tsaya da sunansu sun nemi haƙƙi, zuriyar bayin ƙasar Hausa kuwa sun zaɓi narkewa cikin jama'a, Musulunci da hijira da auratayya suka taimaka musu, sai maganar ta koma cikin raɗa, tana fitowa lokacin binciken asali kafin aure, ko neman limanci, ko takarar sarauta.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta bauta a sashe na 34, ya kuma hana tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa a sashe na 42, amma shari'ar da ta gwada ragowar tsohon tsarin a ƙasar Hausa daga ƙetaren iyaka ta fito. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana da shekara 12, ga wani mutum a yankin Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar a matsayin wahaya, wato mace ta biyar da ake riƙewa ba aure. Nijar ta mayar da bauta laifi a 2003, ubangijin ya ba ta takardar 'yanci a 2005 amma ya hana ta tafiya yana cewa matarsa ce, da ta auri wanda take so kuma sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ta Nijar da ƙungiyar nan ta Landan da ta matsa wa Janeba lamba suka taimaka aka kai ƙara kotun ECOWAS, wadda ta zauna a Yamai ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnatin Nijar ce mai laifi, domin alƙalanta sun ga mace a cikin bauta suka ɗauki maganar a matsayin rikicin aure, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.